Ramar Yaro Mai Lalura: Ina Abincin Yake Tafiya?



Malamanmu, dattawanmu, shugabannin 'yan uwa mazauna Sabha ta Libiya, iyayena mata da ƙannena da kuka ajiye aikin gida kuka zo, ina gaishe ku, ina yi muku sannu da zafi. Na ga waɗanda suka taso daga Gurda da Mahadiyya, na ga na Manshiyya da Tayuri. Allah Ya ba da ladan zumunci.

An nemi in yi magana a kan abin da ke hana iyaye da yawa barci. Yaro ne mai lalura, ba ya zama ko ba ya tafiya, kullum ana ba shi abinci, amma sai zubewa yake yi. Rigar bara da ya kamata a ce ta matse shi, bana ta yi masa yawa. Uwa ta ɗaga shi ta ji sakayau. In ta buɗe baki ta yi kuka da abin, amsar ba ta wuce biyu. Ko a ce mata, “Ki yi haƙuri, ai irin waɗannan yaran ba sa ƙiba, haka Allah Ya yi su.” Ko kuma a jira ta ba da baya a ce, “Ta gaji da shi ne, ba ta ba shi abinci.” Ni dai ban yarda da ko ɗaya ba. Raunin da ya sami ƙwaƙwalwa ba ya gogewa, wannan haka yake. Amma ramar da ke biyo bayansa, a mafi yawan yara, yunwa ce tsagwaronta, yunwar da ke kama yaro a gidan da ake dafa abinci sau uku. Ita kuwa ana iya yi mata wani abu.

Lalurar da na fi nufi ita ce wadda likitocin nan ke rubuta wa “shalal dimagi” a takardar asibiti. Ƙwaƙwalwa ce ke samun rauni tun yaro yana ciki, ko wajen haihuwa, ko a farkon rayuwa, sai gaɓoɓi su sandare ko su saki. A wajenmu sanadin sananne ne: doguwar naƙuda har jariri ya fito bai yi kuka ba, haihuwar bakwaini, shawara mai tsanani a makon farko da aka tsaya ana shanya jariri a hantsi, sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai. Wani likitan Ingila, William Little, ya yi bayaninta tun 1861. A duniya ana samun yara 2 zuwa 3 cikin kowace haihuwa 1,000, kuma adadin ya fi yawa a ƙasashen da haihuwa a asibiti ke da wuya. Saboda haka wanda ya ce miki ɗanki ɗan ruwa ne, ki tambaye shi ko Turawa ma aljanun ruwa ke musanya musu 'ya'ya.

To, mene ne haɗin ƙwaƙwalwa da rama? Mu masu lafiya muna haɗiya ba mu ma san mun yi ba. Alhali kafin loma ɗaya ta wuce, sai leɓe ya rufe, harshe ya tattara abinci ya tura shi baya, numfashi ya tsaya na ɗan lokaci, hanyar iska ta toshe, sannan hanyar ciki ta buɗe. Duk wannan cikin ƙiftawar ido, kuma ƙwaƙwalwa ce ke tsara shi. Raunin da ya hana ƙafa takawa, shi ne dai yake hana harshe da maƙogwaro yin aikinsu a kan kari.

Ku zo mu leƙa ɗaki ɗaya, irin wanda kowa a nan ya sani. Azahar ta yi, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya. Uwa ta miƙe ƙafafu a tabarma, ta kwantar da yaro a cinya, kansa ya lanƙwashe baya, bakinsa a buɗe yana kallon rufi. Ta ɗebo koko a cokali ta zuba. Harshe ya turo rabi waje, ya gangaro ta haɓa ya shige wuya. Ta kwashe da gefen cokali ta mayar. Yaro ya yi tari, idanu suka kawo ruwa, ya banƙare. Ta jira, ta lallashe shi, ta sake. Ƙaninsa yana ja mata zane, tukunya tana kan wuta. Bayan awa guda kwano ya ƙare, ta ce alhamdu lillahi ya ci. Amma 'yar uwa, ɗauki tsumman da kika sa masa a wuya ki matse, ki duba zanenki, ki duba tabarma. Kamar mai juye bokiti ne a tulu mai ƙaramin baki: bokiti ya ƙare, tulu bai cika ba. Ga shi kokon ma tun farko ruwa ne tsululu, don da ta ga mai kauri yana ba shi wuya sai ta ƙara masa ruwa.

Masana sun auna wannan abu. A 1988 wasu masu bincike biyu a Kanada, Erika Gisel da John Patrick, sun gano cewa yaro mai tsananin wannan lalura yakan ɗauki ninki 2 zuwa 12 na lokacin da ɗan uwansa mai lafiya ke ɗauka kafin ya haɗiye abinci mai laushi. A shekarar 2000 kuma, Dakta Peter Sullivan da abokan aikinsa suka fitar da binciken da suka yi a yankin Oxford na Ingila. Cikin yaran da ke da matsalar ci, kashi 89 cikin 100 sai an taimaka musu wajen ci, kashi 56 suna ƙwarewa da abinci, kashi 59 suna fama da taurin bayan gida, kashi 28 kuma iyayensu na shafe awa 3 ko fiye kullum wajen ciyar da su. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, kashi 64 ba a taɓa zaunar da su an duba yadda suke ci ba. A Ingila ke nan, inda asibiti kyauta ne. Sai ku kwatanta da matar da mijinta ke fita tun asuba ya tsaya a shatale-tale yana jiran mai ɗaukar lebura.

Yanzu zan taɓo inda wasu iyayena ba za su ji daɗi ba, wato ɗura. Mun gaje ta, kuma da kyakkyawar niyya ake yin ta: a kwantar da yaro, a tara kunu a tafin hannu a bakinsa, wani lokaci a toshe hanci, dole ya haɗiye. Ko ga lafiyayyen yaro akwai haɗari, balle wanda hanyar iskarsa ba ta rufewa da wuri. Abin da ya kauce ya faɗa huhu shi ke zama ciwon haƙarƙari. Yaro ya yi zazzaɓi, a yi allurai, ya ƙi ci mako guda, ya rame, ya warke, bayan wata biyu a koma gidan jiya. Kowane zagaye yana tafiya da tsokar da ba ta dawowa. Wasu yaran ma abinci na shiga huhunsu ba ko tari. Alamar da za ki lura da ita ita ce murya ko numfashi mai gurgur bayan an ci, kamar akwai ruwa a maƙogwaro, da ciwon ƙirji mai yawan dawowa. Don girman Allah a bar ɗura. Haka nan kada a ɗura wa yaro man zaitun ko man shanu zalla da sunan magani, don mai in ya shiga huhu ya fi ruwa ɓarna.

Me za a yi a maimakonta? Farko zama. Yaro ya ci a zaune, bayansa a miƙe, ƙugu a lanƙwashe, kai a tsaye, haɓa ta ɗan sunkuyo. Ku gwada da kanku yanzu: ku ɗaga kai sama ku haɗiyi yawu. Kun ji yadda ya yi wuya? To haka yake ji a kowane cokali. Ba sai an sayo kujerar Turai ba. Kusurwar ɗaki da matasai biyu ta isa, ko babbar roba ta wanki da aka cusa wa bargo, ko kwali mai ƙarfi. Ki zauna a gabansa, fuskarki daidai da tasa, cokali ya zo daga ƙasa don kada ya ɗaga kai yana nemansa. Ƙaramin cokali, rabin cika, ki ɗora a kan harshe ki ɗan danna, kada ki goge a haƙoran sama. Ki jira ki ga maƙogwaro ya motsa kafin ki ƙara. In an gama ya zauna rabin awa kafin a kwantar da shi, saboda da yawansu abinci na dawo musu, ga ƙwannafi mai zafi da ba su da bakin faɗa.

Sai kaurin abinci. Mutane na zaton ruwa ya fi sauƙin haɗiya, alhali ga yawancin yaran nan shi ya fi saurin kuɓucewa harshe. Abin da ya fi musu shi ne mai laushi, mai kauri, marar gudaji, wanda zai zauna a cokali amma in an karkata ya zame. Mafi wahala kuwa shi ne haɗin ruwa da tsaki-tsaki: shinkafa a romo, makaroni a miya tsululu, burodi da aka tsoma a shayi. Kun kuwa san tun da muka zo ƙasar nan, burodi da shayi da makaroni suka kori gero daga gidajenmu. Yara sun bambanta, don haka in an sami likitan da zai zauna ya kalli yaro yana ci, shi ya fi. Ki tafi da abincin da cokalin, ki ba shi a gabansa.

Tun da cokalin da ke shiga kaɗan ne, to kowane cokali ya zama mai nauyi. A nan Fezzan ba mu da uzuri sosai, don Allah Ya hore wa ƙasar dabino. A jiƙa shi, a cire ƙwallo, a dama, a tace, a zuba a kunu. Ƙaramin cokali ɗaya na mai yana ɗauke da kalori wajen 40, a juya shi cikin abinci har ya ɓace. Ga madarar gari, ga ƙwai dafaffe da aka murje, ga tunkuzar gyaɗa, ga wake da aka cire wa ƙono aka tuƙa, ga hanta, ga garin zogale in an samu daga gida. Kunun gyaɗa mai kauri ya fi koko nesa ba kusa ba. Maƙwabtanmu Larabawa suna da basisa, garin sha'ir ko alkama da aka soya aka niƙa, suna kwaɓa ta da man zaitun. Abinci ne mai riƙe ciki, sai dai a sassauta ta sosai, kada a ba shi da gari-gari. Zuma kuwa ba a ba jaririn da bai shekara ba. A rage yawa a ƙara sau: biyar ko shida a yini, kowanne kada ya wuce minti 30, don bayan nan yaro ya gaji.

Kada a manta da ruwa. A bazarar Sabha zafi na haura 40, yaron nan yana dalalar da yawu yini guda, kuma ba zai ce ƙishirwa yake ji ba. Rashin ruwa ke kawo taurin bayan gida, cikin da ya cushe kuwa ba ya karɓar abinci. In ruwa zalla na sa shi ƙwarewa, a ba shi mai ɗan kauri, kamar kunu marar nauyi ko nono. Fitsari in ya yi ja ya ragu, ruwa bai isa ba.

Ido yana ruɗi, musamman idon da ke ganin yaro kullum. Shi ya sa nake son kowane gida ya koma ga awo. Ki hau sikeli ke kaɗai, ki sake hawa da yaro a hannu, ki debe na farko daga na biyu. Sikeli ɗaya, sau ɗaya a wata, a rubuta da kwanan wata a bangon littafi. Kada ki gwada shi da ɗan maƙwabta, ki gwada shi da kansa na watan jiya. Ƙaramin yaro da ya yi wata 2 zuwa 3 bai ƙaru ba, ko kowane yaro da ke raguwa, a kai shi a duba. Ga 'yan wata 6 zuwa shekara 5 akwai igiyar awon damtse mai launi uku. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga 11.5 zuwa 12.5 rawaya. Sama da haka kore. A auna tsakiyar damtse, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, a hannun da ya fi lafiya. Kada wata ta ce wannan aikin ma'aikatan asibiti ne. A Mirya ta jihar Damagaram, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka koya wa iyaye mata wannan awo, aka gwada aka ga awonsu bai gaza na ma'aikatan lafiya na ƙauye ba, har ma sukan kawo yara da wuri. Daga nan dabarar ta bazu zuwa ƙasashe da yawa. Wataƙila a cikinku akwai wadda aka koya wa a can.

Wani abu kuma. In yaro ya daɗe a kan nauyinsa, sai kwatsam ya fara zubewa, kada a ɗora wa lalurar. A nemi sabon dalili. A buɗe bakinsa da fitila, sau da yawa ruɓaɓɓen haƙori ne ko gyambo. A duba tsutsar ciki, ciwon fitsari, tarin fuka in akwai mai tari a gidan, ciwon sukari in yana yawan sha da fitsari, ko ƙugu da ya goce yana masa zogi. A duba magungunan farfaɗiya: fenobabital na sa barci har lokacin ci ya wuce, topiramet na kashe sha'awar abinci. Amma kada a tsayar da maganin farfaɗiya da ka, a koma wurin wanda ya rubuta shi ya gyara. Sannan ina roƙonku ku nisanci abin da ake kira sha-ka-fashe, da duk wani haɗin ƙiba da ake saya a kantin magani ba takarda. Da yawansu akwai deksametason a ciki. Kumatu za su cika, kowa ya ce ma sha Allah, alhali ruwa ne da kitse, tsoka na narkewa, ƙashi na yin rauni, garkuwar jiki na faɗuwa.

Akwai halin da ba a kwana da shi a gida: awo ya nuna ja, ko ƙafafu biyu sun kumbura har in an danna da yatsa wurin ya lotsa, ko yaro ya ƙi sha sam, ko numfashi na sauri haƙarƙari na shiga ciki, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. Wannan sai asibiti. Yaron da ya kai haka ba a cika masa ciki farat ɗaya, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Da wata madara ta musamman mai suna F-75 ake farawa, kaɗan-kaɗan. Plumpy'Nut, abincin gyaɗar nan na leda da ya yi suna a Maraɗi a yunwar 2005, leda ɗaya kalori 500 ce, magani ne mai kyau. Sai dai yana da danƙo, don haka a tambayi ma'aikaci yadda za a sassauta wa yaron da haɗiya ke ba wuya.

Na san abin da ke ranku: faɗa da baki ya fi yi sauƙi. Libiya tana da dokar naƙasassu, lamba 5 ta 1987, ta kuma amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu a 2018. Amma tallafin da Asusun Tadamun ke bayarwa na 'yan ƙasa ne masu lambar ɗan ƙasa, wadda ko wasu Buzaye da Tubawa da aka haifa a nan ba su samu ba, balle mu baƙi. Babban asibitin Sabha shi ke ɗauke da kudu gaba ɗaya, daga Ubari har Murzuk. In an ce sai Turabulus, tafiyar fiye da kilomita 700 ce, ga shingayen bincike a hanya, ga wanda ba shi da takarda. Duk da haka a tambayi ƙungiyar agaji ta Hilal Ahmar, a tambayi ma'aikatan lafiya na hukumar ƙaura ta IOM. Wani gidan kuma, in an zauna an yi lissafi, komawar uwa da yaro gida na ɗan lokaci ta fi, tun da a Nijar akwai cibiyoyin CRENI masu kwantar da yara masu tamowa. Ba na yanke wa kowa wannan hukunci, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Amma akwai abin da ba ya buƙatar takarda, kuma a nan da maza nake. A Tasawa ko Ɗambatta, matar nan tana da uwar miji, tana da faccala, tana da ƙanwa da za ta karɓe ta. A Sabha daga ita sai bango huɗu. Mutum ɗaya ba zai ciyar da yaro sau shida a yini, shekara da shekaru, ga girki ga wanki ga goyo, ya zauna daidai ba. Malam, in ka dawo daga gini ko gona, ciyarwar dare taka ce. Ka koya, ba abin kunya ba ne, kuma ranar da ta kwanta ciwo yaron ba zai kwana da yunwa ba. In ka aika kuɗi gida, ka ware na ƙwai da madararsa tukuna. Ku kuma maƙwabta, maimakon “sannu, Allah Ya ba da lada” daga bakin ƙofa, wata ta ɗauki ƙanin na awa biyu, wata ta karɓi wankin. Asusun da muke tarawa don kai gawa da belin wanda aka kama, a buɗe masa aljihu na uku.

Saura maganar robar ciyarwa. Ƙungiyar likitocin ciki da abincin yara ta Turai, a shawarwarinta na 2017, ta ce in ciyarwa ta baki na cin fiye da awa 3 a yini, ko haɗiya ta zama haɗari, ko an yi duk dabara yaro bai ƙaru ba, a duba batun ba shi ta roba. Mu kuwa da mun ji an ce robar hanci sai a fara salati, wai alamar tafiya ce. Abin da ya sa muke ganin haka, ba ma yarda a sa ta sai yaro ya riga ya gama galabaita. Ta hanci ta 'yan makonni ce. Ta ciki, wadda ake sawa ta fatar ciki kai tsaye, likitoci biyu a Amurka, Michael Gauderer da Jeffrey Ponsky, suka fito da hanyar sa ta ba tare da babbar tiyata ba a 1980, kuma saboda yara irin namu suka ƙirƙiro ta. Yaro na iya ci gaba da ɗanɗana abinci ta baki in likita ya ga ba haɗari. Ba zan ɓoye muku ba, tana son tsafta, tana son canji, tana son likita a kusa, kuma a zamanmu na nan waɗannan ba ƙananan sharuɗɗa ba ne. In an kawo muku maganarta, ku tambayi wa zai canja ta, a ina, nawa ne, me za a yi in ta fita da dare, sannan ku yanke shawara ku biyu.

An ajiye sikeli da igiyar awo a bayan zauren nan. Mata masu yara su fara, a rubuta wa kowa nauyi da kwanan wata a takarda ya tafi da ita. Wadda ta zo da kwalaben magani ko takardun asibiti ta riƙe su a hannu, zan duba su ɗaya bayan ɗaya bayan an yi tambayoyi.